Ajin koyon biyayya da na kai Hazo: abin da ya gyara da abin da ya bar mini

Duk mai kare irin dudul, wato haɗin fudul mai murɗaɗɗen gashi da wani jinsi kamar labrado, da ke tunanin ko ya kai shi ajin koyon biyayya, amsata ita ce ya kai shi, amma ya san abin da zai je nema. "Zauna" da "kwanta" ba su ne matsalar waɗannan karnuka ba. Nawa ya iya su tun yana ɗan kwikwiyo, a tsakar ɗaki, ba tare da wani malami ba. Abin da ya gagare ni shi ne in sa shi ya natsu idan ya ga mutum. Ta wannan fuskar ajin da zan yi magana a kansa ya yi mini aiki ƙwarai. Ya kuma gaza a wasu wurare da bai kamata a ce ya gaza ba, ganin cewa kusan rabin karnukan da muke haɗuwa da su a can masu nannaɗaɗɗen gashi ne irin nawa.

Sunansa Hazo, labradudul ne. Uwarsa ruwa biyu ce tsakanin labrado da fudul, ubansa kuwa babban fudul ne zalla, shi ya sa jinin fudul ya rinjaya, gashin ya fito a murɗe. Yana da kimanin wata shida na rubuta sunansa, kuma tun a lokacin idan ya miƙe a kan ƙafafun baya hannuwansa na kai wa ƙirjin babban mutum. Ajin na rukuni ne, sa'a guda a kowane mako, a wani faffaɗan ɗaki mai daɓen roba da ba ya santsi. Malama ɗaya ce da mataimakinta. Tsarinsu na lada ne kawai: kare ya yi daidai a ba shi abin da yake so, ya yi ba daidai ba a hana shi samun abin da ya yi tsammani. Ba duka, ba fizgar wuya, ba tsawa.

Yawancinmu da muka hallara a ajin nan magana ɗaya aka faɗa mana kafin mu ɗauki karnukan: wai dudul na da basira, ba ya zubar da gashi, yana son yara, horar da shi kamar shan ruwa. Asalin labarin ya fi haka tsauri. A 1989 ne Wally Conron, wanda a lokacin ke kula da kiwon karnukan ja-gorar makafi a Ostireliya, ya haɗa labrado da babban fudul, saboda wata makauniya a Hawai da ke buƙatar karen ja-gora alhali jikin mijinta ba ya jituwa da gashin kare. 'Ya'ya uku aka haifa, ɗaya daga cikinsu, Sultan, shi ne ya dace aka tura mata. Wato tun a haihuwar farko, a hannun ƙwararre, da iyayen da aka zaɓo da kyau, ba duka 'ya'yan suka fito yadda ake so ba. A 2019 Conron ɗin da kansa ya faɗa wa gidan rediyon ABC na ƙasarsa cewa yana nadamar abin da ya fara, domin masu neman kuɗi sun rungumi haɗin ba tare da duba lafiya ko halin iyaye ba.

Basirar kuwa gaskiya ce. A jerin da Stanley Coren ya fitar a 1994, wanda ya gina a kan ra'ayin alƙalan gasar biyayya, fudul ne na biyu wajen saurin ɗaukar umarni, goldin (golden retriever) na huɗu, labrado na bakwai. Sai dai saurin ɗauka bai tsaya a kan abin da kake son koyarwa ba. Karen da ya gane "zauna" cikin 'yan mintoci, cikin 'yan mintocin ne zai gane cewa idan ya ɗauke takalmi kowa a gidan zai tashi ya bi shi. Kuma dukan jinsunan nan uku an kiwata su ne don su shiga ruwa su ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, su yini suna aiki kusa da mutum. Baki mai son ɗaukar abu, jiki mai ƙarfi, da zuciyar da ba ta ƙoshi da mutane: wannan ne gadon. Duk da haka ban yarda a ɗora wa jinsi komai ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2022, a kan karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa jinsi na bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Na ga hakan da idona a ajin: akwai wata goldindudul, haɗin goldin da fudul, mai tsoro da ta yi makonni tana ɓuya a ƙarƙashin kujerar uwar ɗakinta, ga Hazo a gefe yana neman tsinka igiya don ya gaisa da kowa.

Ranar farko aka ce mu zo ba karnuka. Wasu sun yi gunaguni, ni kuwa har yau ina ganin ita ce ranar da ta fi kowace amfani. Malama ta raba mana kilika, wata 'yar roba ce mai harshen ƙarfe a ciki, idan ka danna ta ce ƙyas, da ita ake yi wa kare alama a daidai lokacin da ya yi abin da ake so. Sai ta ɗauki ƙwallon tanis ta ce duk lokacin da ya taɓa ƙasa mu danna. Ta saki ƙwallon. Maimakon ƙara ɗaya, sai ɗakin ya cika da ƙyas-ƙyas a warwatse, wani ya riga ƙwallon, wani sai da ya tashi sama ya danna. Ta ce to ku duba, idan kare ya zauna ka makara da daƙiƙa biyu, lokacin da alamarka ta iso ya riga ya miƙe, miƙewar ka yaba. Kare na haɗa sakamako ne da abin da yake yi a daidai wannan ƙiftawar. Ta ce wanda ba ya son riƙe kilika ya zaɓi gajeriyar kalma ɗaya ya riƙa faɗinta da murya iri ɗaya, kuma duk lokacin da ya faɗa dole lada ya biyo baya. Ni "yawwa" na zaɓa, domin hannu ɗaya na riƙe da igiya, ɗaya na cikin jakar lada. Mun yi ta maimaita wasan ƙwallon har ƙarar ta fara haɗuwa wuri guda. Daga nan na fahimci cewa rabin abin da ake biya a irin wannan aji, hannun mai kare da idonsa ake gyarawa.

Tsalle kan mutane shi ne ya kawo ni, kuma a nan ne malamar ta nuna ta san aikinta. Bayaninta mai sauƙi ne. Kwikwiyon dudul kyakkyawa ne, duk wanda ya gan shi sai ya durƙusa, shi kuma ya ɗora hannuwa a gwiwar mutum, a shafa shi, a yi masa magana mai daɗi. Kafin ya kai wata shida an biya shi ladan tsalle sau ba adadi. Ranar da ya yi nauyi sai a fara ture shi ana faɗa, alhali turewar ma taɓawa ce, faɗan ma kulawa ce.

Ga yadda ta sa muka yi. Na tsaya riƙe da igiya a gajarce, mataimakinta ya taho daga ƙarshen ɗakin yana tafiya a hankali. Hazo ya hango shi, jela ta fara sharar ƙasa, jikinsa duka na rawa, yana wani siririn kuka ta hanci. Saura taku uku ya ɗaga hannuwa sama. Nan take mataimakin ya juya baya ya koma inda ya fito, bai ce uffan ba. Bakina ya buɗe zan yi magana, malama ta ɗaga mini hannu. "Malam, kada ka ce masa komai. Ko tsawa ka yi masa, magana ce a wurinsa, kuma maganar yake nema." Mataimakin ya sake tahowa. Wannan karon ta ce in yi alama tun mutumin na nesa, tun ƙafafu huɗu na ƙasa, in kuma jefa ladan a daɓe tsakanin hannuwansa, kada in miƙa masa daga sama. Wannan ɗan bambancin ya ba ni mamaki. Abincin da ke zuwa daga sama yana ɗaga kan kare, jiki kuma ya bi kai. Wanda ke ƙasa yana sunkuyar da shi. Mutumin ya matso, na ce yawwa, na jefa. Ya ƙara matsowa, na ƙara. Kafin a tashi mataimakin ya iso har gabanmu ya shafa ƙirjin Hazo, shi kuwa yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu yana rawar jiki, amma bai tashi ba. Ya juyo ya dube ni da bakinsa a buɗe, kamar mai tambayar ko abin da ake nema ke nan.

A gida ne aikin ya yi wuya, kuma malama ta gargaɗe mu tun da wuri. Ta ce idan ɗabi'ar da ta saba biya ta daina biya, kare zai ƙara ƙaimi kafin ya haƙura, tsallen zai fi na da tsawo da naci, kuma a daidai nan ne yawancin mutane ke cewa hanyar ba ta aiki. Haka aka yi. Ta kuma ce babban abokin gabar wannan horo shi ne baƙo mai kirki, wanda zai ce "ƙyale shi, ai ni ina son karnuka", ya rungume shi yana tsaye a kan ƙafa biyu. Ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi wanda ke zuwa kullum dasa ɗabi'a, don kare zai ci gaba da gwada sa'arsa a kan kowa. 'Yata ƙarama ma sai da muka zauna da ita. "Baba, ai gaisuwa yake yi," in ji ta. Na ce gaskiya ne, amma ki tuna yadda ya kusa kayar da Kaka a bakin ƙofa. Tun daga ranar ita ce ke fara juya masa baya, ta harɗe hannuwa a ƙirji, har sai ya sauka. Mun rataye igiya da 'yar jakar lada kusa da ƙofar shiga, mun kuma sa ɗan shinge a mashigin falo, don kada ya sami damar maimaita tsohon halin a ranakun da ba mai lokacin horo.

Darasin da ya fi kowanne canza mana zaman gida shi ne na shimfiɗa. Kowa ya zo da 'yar shimfiɗarsa, a ajiye a ƙasa, ba a ce wa kare komai. Ya dube ta, lada. Ya taka ta, lada. Ya kwanta a kai, lada da yawa, ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya a kan shimfiɗar. Daga nan malama ta ce mu daina biyan kwanciyar da kare ke yi a ɗame, ƙirji a ƙasa, ido a kan hannunka, yana shirin zabura. Mu jira har ya karkata ƙugu gefe guda, ko ya ɗora haɓa a ƙasa, ko ya sauke numfashi mai tsawo, sannan mu ajiye ladan a hankali, ba murya mai zumuɗi. Ban taɓa tunanin natsuwa abu ce da ake koyarwa daki-daki ba sai a nan. Bayan ya saba, sai a fara ƙara abin da zai ɗauke masa hankali: ka taka zuwa ƙofa ka dawo, ka taɓa mariƙin ƙofa, ka ƙwanƙwasa da kanka, daga baya wani ya ƙwanƙwasa daga waje. Yanzu idan aka buga ƙofa yakan yi haushi sau ɗaya ko biyu, ya nufi shimfiɗarsa da gudu ya faɗa a kai yana kallona. Ba kullum ba, amma mafi yawan lokuta.

A wannan darasin ne ta faɗi wata magana da nake son duk mai dudul ya ji. Mutane na cewa a gajiyar da shi, sai su yini suna jefa masa ƙwallo. Ta ce abin da hakan ke samarwa shi ne kare mai ƙarin ƙarfin jiki wanda jininsa ke tafasa koyaushe. Motsa jiki wajibi ne, amma a haɗa da shaƙe-shaƙe a kan doguwar igiya, da abin tauna, da barci mai yawa, domin matashin kare da bai sami isasshen barci ba ya fi yawan cizon wasa da hauka da yamma. Na koma ba shi wani ɓangare na abincinsa a cikin Kong, robar nan mai rami da ake cusa abinci a daskarar a firiji, kuma lasar da yake yi kafin ya cinye tana kwantar da shi fiye da gudu.

Jan igiya ba zan daɗe a kansa ba, don ci gaban da muka samu matsakaici ne. Ƙa'idar ita ce igiya ta miƙe ka tsaya cak, ta saki ku ci gaba, kana biyansa a gefen ƙafarka. Ta ba da shawarar ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, wadda ke juyo da kare gefe idan ya ja. Tana rage ƙarfin jan, ba ta koyar da komai da kanta. A titi marar mutane yana tafiya lafiya lau. Ya hango wani kare, sai mu koma baya mu ba da tazara.

Yana kusan wata takwas komai ya rushe. Karen da ke zama da kalma ɗaya ya koma kallona ya kau da kai. Abin da ya fi ciwo, idan malama ta karɓi igiyar sai ya yi mata komai tsaf. Ta ce kada in ɗauka raini ne, balaga ce, ta kuma ambaci binciken da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da abokan aikinta suka buga a 2020 a kan karnukan da ake shiryawa don ja-gorar makafi. Sun gano cewa a wata takwas karnukan sun fi ƙin bin umarnin "zauna" daga mai rainonsu fiye da yadda suke yi a wata biyar, amma ga baƙo ba a ga wannan ƙin ba, kuma abin ya ragu da suka kai shekara. Wannan bayanin ya sauke mini nauyi daga ƙirji. Shawararta ita ce a sauƙaƙa jarrabawa a ƙara albashi: a koma gajerun darussa a wurin da ba hayaniya, a fito da lada mafi daɗi, kada a maimaita umarni sau biyar har kalmar ta mutu a kunnensa. Na yaba mata da ba ta tura mu gaba don kawai jadawalin aji ya ce mako ya wuce ba.

A lokacin ne kuma satar safa ta yi ƙamari. Wannan ba abin dariya ba ne, karnuka na haɗiye safa ta toshe hanji har sai an yi tiyata. An koya mana musaya: kada ka bi shi, kada ka ɓare bakinsa da ƙarfi, ka nuna abin da ya fi safar daraja, ka ce "saki", ya saki ka biya. A yi ta gwadawa da kayan wasansa, ana mayar masa da su bayan ya saki, don ya san sakin abu ba asara ba ne. Yanzu ya kan kawo safar har hannuna.

Babban ƙorafina a kan ajin shi ne gyaran jiki. 'Yan mintoci kaɗan aka ba shi a rana ɗaya: ku riƙa taɓa kunnuwa da tafin ƙafa, shi ke nan. Ga kare mai gajeren gashi wataƙila ya isa. Ga dudul kuwa wannan rabin rayuwarsa ne. Gashinsa ba ya tsayawa da tsiro kamar na labrado, wanda ya mutu kuma ba ya faɗuwa ƙasa, yana maƙalewa ne a cikin sauran. Lokacin da gashin ƙuruciya ke sauya zuwa na girma, wanda ya faɗo daidai da watannin balagar nan, sai ya riƙa cukurkuɗewa a bayan kunne, da hammata, da duk inda ɗamarar ƙirji ke gogawa. Daga sama ka ga gashi lafiya, ka sa matsefi har fata ka tarar ya dunƙule ya manne kamar bargo. Yana jan fata, yana ciwo, kuma idan ya yi yawa ba abin da mai aski zai iya sai ya aske shi tas. Irin wannan kare na buƙatar zuwa wurin mai gyaran gashi duk bayan mako shida zuwa takwas, ya tsaya a kan tebur, ya jure ƙarar injin aski da na busar da gashi, a riƙe masa ƙafa, a sa almakashi kusa da idonsa. Kunnuwansa masu faɗowa ne, ga gashi a ciki, suna riƙe danshi, sai an riƙa dubawa. Wace biyayya ce ta fi wannan muhimmanci a gare shi?

Sai da na biya darasi na daban, ni da ita kawai, sannan ta koya mini abin da ya kamata a ce yana cikin ajin. Na shimfiɗa tawul a cinyata, aka koya wa Hazo ya ɗora haɓarsa a kai. Muddin haɓar na kan tawul, ina tajewa. Ya ɗaga kai, in tsaya nan take, ba tilas. Da ya gane cewa yana da hanyar cewa a dakata ba sai ya kai baki ga buroshi ba, sai ya riƙa mayar da haɓar da kansa. Mun fara da taɓa shi da bayan buroshi kawai, yau ina taje hammatarsa yana lumshe ido. A ranar ne kuma ta ɗaga gashin goshinsa ta ce in sa a rage shi, don yana rufe masa gani, yana kuma ɓoye mini idonsa da motsin kunnensa, waɗanda da su ake gane kare ya fara takura. Tana da wannan ilimin duka. Abin da na kasa fahimta shi ne dalilin da ya sa ba ta sa shi a ajin da dudul suka cika ba.

Ƙorafi na biyu, ba a taɓa fita da mu waje ba. A cikin ɗaki mai bango huɗu, kiran Hazo ba ya faɗuwa ƙasa, ina cewa "zo" zai taho kamar an harbo shi. A fili, inda akwai tsuntsaye da warin wasu karnuka, sai ka ce bai taɓa jin kalmar ba. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri ya kai wani wuri da kansa, sai an sake koya masa a wurare daban-daban. Malama ta faɗi haka da bakinta, ta ce mu nemi igiya mai tsawon mita goma mu ɗaura a zoben bayan ɗamara, kada a wuya, mu yi ta gwadawa. Amma faɗa daban, nunawa daban. Sarrafa doguwar igiya ba tare da ta ƙone maka tafin hannu ko ta harɗe ƙafar wani ba abu ne da ake son a gani a aikace. Ɗakin ma ya yi wa yawanmu kaɗan. Karnukan na kusa da juna har mai zumuɗi irin nawa kan kai matakin da ba ya karɓar abinci, kuma karen da ya ƙi abincin da yake so ba ya cikin halin koyon komai. Daga baya sun kawo allunan tsare gani suka sa tsakaninmu, abin ya yi sauƙi, amma da su ya kamata a fara. Saƙon tambaya kuma idan ka tura a tsakiyar mako, sau da yawa sai ranar aji za ka ji amsa.

Wani da muke ajin tare, da ya gaji da jan igiya, ya tambaya ko ba za a sa abin wuya mai jan lantarki a huta ba. Amsar da ta ba shi ta ƙara mini yarda da ita. Ta ce karen da ke tsalle don murnar ganin mutum, idan zafi ya riƙa zuwa masa a daidai lokacin da ya ga mutum, ba ka da tabbacin da me zai haɗa zafin, da tsallen ko da mutumin. Kana iya kashe tsalle ka haifar da tsoro, tsoro kuwa shi ke kai kare ga cizo. Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Ƙungiyar likitocin dabbobi masana halayya ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya a 2021 cewa a yi amfani da hanyoyin lada a duk horon kare, kuma yankin Wales ya haramta irin wannan abin wuya tun 2010. A ƙasashe da yawa kowa na iya kiran kansa mai horar da karnuka ba tare da wata takarda ba, don haka kafin ka biya ka nemi a bar ka ka kalli aji ɗaya, ka kuma tambaya kai tsaye me ake yi wa kare idan ya kuskure. Wannan malamar ta bar ni na kalla ba tare da wani ja-in-ja ba.

Masu tsoron kada kare ya yi ƙiba ko ya zama sai ya ga abinci yake aiki, tsoronsu na da tushe, musamman ga mai jinin labrado. Binciken Eleanor Raffan a Jami'ar Cambridge a 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na labrado na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halittar POMC da ke sa su yawan jin yunwa. Abin da aka koya mana shi ne a auna abincin yini tun da safe a ɗebi ladan daga ciki, a yanka na musamman ƙanana kamar ƙwayar wake, kuma ladan ya zauna a aljihu har sai an yi aikin, kada a riƙa kaɗa shi a gaban hanci. A hankali wasu ladan suka koma buɗe ƙofa, ko jefa ƙwallo, ko izinin zuwa gaida wanda yake so.

A ranar ƙarshe ta yi mana gwaji da ta tsara a kan Canine Good Citizen, shirin gwada ladabin kare da ƙungiyar American Kennel Club ta fara a 1989, mai matakai goma, wanda karnuka masu haɗin jini ma ke shiga, kuma ba a ba da abinci a cikinsa. Hazo ya tsaya baƙo ya gaisa da ni, ya zauna an shafa shi, ya bari an duba kunnuwansa da ƙafafunsa an sa masa buroshi, ya ratsa cikin mutane, ya zo da aka kira shi. Wurin haɗuwa da wani kare ya tsallaka gabana don ya kai hanci, ya faɗi wannan. Mataki na ƙarshe shi ne ka bar karenka a hannun wani ka ɓace masa na minti uku. Ban kai ga rufe ƙofa ba na ji kukansa, bai kuma daina ba har na dawo. Zaman kaɗaici ko sau ɗaya ba a taɓo shi a ajin ba, alhali masu dudul da dama a cikinmu sun ce nasu ma ko banɗaki ba ya barinsu su shiga su kaɗai. Malama ta ce wannan ba rashin biyayya ba ne, damuwa ce, ba a gyara ta da umarni, kuma idan ta kai ga kare na ji wa kansa rauni ko yana fasa ƙofa, likitan dabbobi ne farkon wanda za a gani. Ta rubuta mini tsari: in fita na daƙiƙoƙi in dawo tun bai fara kuka ba, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, in bar waya tana ɗaukar hotonsa don in ga abin da yake yi a bayana. A kan wannan muke yanzu. Na sake rubuta sunansa a aji na gaba bayan ta tabbatar mini cewa rabin darussan a fili za a yi su, na kuma roƙe ta ta sa darasin haɓa da tawul a ajin 'yan kwikwiyo, ta ce za ta duba.